Rundunar Ƙambizu: Rairayi Ne Ya Cinye Ta, Ko Takobi?



A shekara ta 525 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, Ƙambizu ɗan Kurushu, sarkin Farisa, ya ci Masar da yaƙi. Da ya sauka birnin Ɗiba, inda Luksor take a yau, sai ya ware askarawa 50,000, ya umarce su su keta sahara zuwa dausayin Siwa, su kame mutanenta bayi, su ƙone ɗakin gunkin Amun, wanda ake zuwa daga nesa neman duba. Bayan tafiyar kwana 7 suka yada zango a wani dausayi, wanda galibin masana suke ɗauka Harija ne, suka tashi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mutanen Siwa suka ce wai suna cikin cin abinci iskar kudu ta taso ta binne su baki ɗaya.

To, mu da aka tarbiyyantar a kan ilmin riwaya, wajibi ne mu tambayi isnadi tun ba mu kai ga matani ba. Mai riwayar Hirudutus ne, Bayunane, wanda ba a ma haife shi ba sa'ad da abin ya auku, kuma madogararsa bakin mutanen da aka tura rundunar ta hallaka. Wannan kuwa habarul wahidi ne mai rauni. Matanin ma bai tsira ba, domin madugan ayarin gishiri na Agadas da Bilma sun san tudun rairayi tafiya yake yi, abin da ya rufe bana zai tone shi wata shekara, ga shi kuwa masu bincike, har da Almashi na ƙasar Hangari, sun yi ta nema ba su samo abin da masana suka gamsu da shi ba. Ku tuna kuma da Jaudar Basha, wanda ya taso daga Marrakush a 1590 ya ratsa sahara tun daga wannan gaɓa har waccan: ƙishirwa ta rage masa mutane, amma ya iso, ya karya Askiya Ishaƙa a Tondibi a 1591.

A 2014 Olaf Kaper, malami a jami'ar Leiden, bayan ya nazarci rubutun wasu duwatsu a dausayin Dahila, ya kawo hujjar cewa wani Bamasare ɗan tawaye, Fetubastis, shi ne ya murƙushe rundunar, sa'an nan Dara, da ya hau gadon sarautar Farisa ya maido da Masar hannunsa, ya ɗora wa iska laifin domin ya suturta abin kunya. Ga wannan ƙauli na fi karkata, wallahu a'alamu.