Zomo Ba Ya Kuka: Yadda Za Ki Gane Ciwon Gaske

Yau kafin mu buɗe akwati a fara zubi, ina so mu ɗan tattauna kan zomaye, tunda da yawanmu da kuɗin rancen ƙungiya muka saye su.

Wata 'yar uwarmu ta tashi da safe ta ga fitsarin zomonta ya yi ja. Hankalinta ya tashi, ta aika kemis aka sayo mata kafso na mutane, ta dama a ruwa ta ɗura masa. Bayan 'yan kwanaki gudawa ta kama shi, ya mutu. Alhali lafiyarsa ƙalau, maganin ne ya kashe shi, ga kuma bashi yana jiranta. Shi ya sa nake so mu raba alamomin gida biyu.

Na farko, abubuwan da ba ciwo ba ne.

Fitsarin zomo yakan yi ja, ko ruwan goro, ko fari-fari kamar an zuba alli. Yawanci ganyen da ya ci ne. In yana ci yana wasa, ki ƙara masa ruwa, ki sa ido kwana biyu. Sai in yana nishi wajen fitsari, ko kin ga ɗigon jini, sannan a nemi taimako.

In kin gan shi yana cin kashinsa mai laushi, kada ki hana shi. Haka Allah ya halicce shi, daga nan yake samun wani abinci da jikinsa ke bukata. Ɓeran masar ma haka yake yi.

Macen da ta ɗauki ciki tana haihuwa bayan kamar kwana 31. In ta fara fizge gashin ƙirjinta, shimfiɗa take yi wa 'ya'ya, sai ki sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa. In ta haihu, za ki ga kamar ba ta kula su. Ai sau ɗaya ko biyu take shayarwa a rana, na 'yan mintuna, yawanci da dare. Ki duba cikin jariran da safe: in ya yi tim, sun sha. In fatarsu ta yamushe, to da matsala. Idonsu kuwa sai wajen kwana 10 yake buɗewa, ba makanta ba ce.

Na biyu, alamomin da ba a kwana da su.

Babbar cikinsu ita ce ƙin cin abinci. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, kuma ba kashi a ƙarƙashin keji, yana cikin hatsari ko da kin gan shi zaune shiru. Zomo ba ya kuka irin na akuya, ɓoye ciwo yake yi.

Sai gudawa mai ruwa, musamman ga ƙananan da aka yaye, kuma ta fi yawa da damina in keji ya jiƙe. Sai farar majina da atishawa, har gashin cikin ƙafafunsa na gaba ya manne saboda goge hanci. Sai ɓawo a cikin kunne, yana susa yana girgiza kai. Da bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu, in kin ga yana numfashi da baki a buɗe, zafi ne ya kusa kashe shi, don zomo ba ya gumi. Ki mai da shi inuwa nan take, ki shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa.

In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki ware shi daga sauran, ki wanke hannu, ki kira malamin dabbobi a ranar. Kada ki ba shi amoksilin ko amfisilin ta baki, suna lalata cikin zomo. In kuwa zomaye suka fara mutuwa kwatsam, wasu da jini a hanci, kada a sayar, kada a ci. A binne su da zurfi, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a kuma faɗa wa maƙwabta.

Ga aikin da za mu ɗauka. Kowace safiya, kafin ki ɗora tukunya, ki duba abu uku: ya ci abincin jiya? Akwai kashi busasshe, ƙwaya-ƙwaya? Hancinsa da gindinsa a bushe suke? Sabon zomo daga kasuwa kuma, a ajiye shi daban mako biyu kafin a haɗa. Sannan ina ba da shawara mu rubuta lambar malamin dabbobi a bayan littafin zubi, mu kuma amince a iya taɓa asusun taimako don kiransa.

To, wa ta taɓa ganin ɗaya daga cikin waɗannan alamomin? Mama, bismillah, ke kika fi mu daɗewa a kiwon nan. Allah ya sa albarka a dukiyarmu.