Kicin Kafin Ƙubba: Gidajen Ibadar Sikh a Biranen Turawa

 

Rigimata da abokan aikina na fannin zanen gine-gine tsohuwa ce. In an ce gurdwara, wato gidan ibadar mabiya addinin Sikh, sai su ɗaga kai sama suna ƙirga ƙubba. A Southall, yammacin Landan, an buɗe Sri Guru Singh Sabha a 2003 bayan an kashe kusan fam miliyan 17. A Gravesend an buɗe wani a 2010 mai ƙubba biyar. Sai a ce ga shaida, baƙi sun samu gindin zama. Ni kuwa na ce a sauke kai ƙasa, a nemi ƙofar kicin.

Tarihin Sikh da Punjab kun san shi, ba zan maimaita ba. Abin lura shi ne mutanen nan sun daɗe suna ibada a ƙetare ba tare da ƙubba ko ɗaya ba. Wanda aka gina a Abbotsford ta Kanada a 1911 gidan katako ne, fuskarsa irin ta kantunan garin. Na Smethwick, kusa da Birmingham, tsohon coci ne aka saya a 1961. Sun haƙura da marmara, sun haƙura da zinariya. Abu biyu ne ba su taɓa haƙura da su ba: ɗakin da ake ajiye littafinsu mai tsarki, da wurin ciyarwa da suke kira langar.

A nan zan daɗe. Ka shiga, ka tuɓe takalmi, a miƙa maka ɗan kyalle ka rufe kai. Ba mai tambayar sunanka, balle addininka. Ka zauna a ƙasa cikin sahu, attajiri a damanka, wanda ya kwana a bakin titi a hagunka. Wani dattijo mai rawani ya bi sahun da bokiti yana zuba miyar wake a farantin ƙarfe, yaro na biye da shi da gurasa. Babu nama, don kada abincin ya hana kowa zama. Ko sisi ba ka biya. Al'adar ta faro tun zamanin Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, kuma Guru Amar Das, ɗaya daga cikin magadansa, ya mai da ita ƙa'ida cewa duk mai son ganinsa sai ya fara cin abinci tare da jama'a.

To, wannan fa magana ce ta gini. Mai ciyar da ɗaruruwan mutane kullum yana buƙatar rumbu, manyan murhu, wurin wanke-wanke, hanyar da mota za ta sauke buhunan fulawa, da zaure mai faɗi. Yana buƙatar ƙofar da baƙo zai gani daga titi ya shiga ba tare da faɗuwar gaba ba. A Disambar 2020, da Faransa ta rufe iyakarta direbobin manyan motoci suka maƙale a hanyar Dover, kicin ɗin Gravesend ne ya dafa musu ɗaruruwan kwanukan abinci. Ku gaya mini wace ƙubba ce ta yi wannan aikin.

Za a ce ai akwai gurdwarori da suka rabu bisa asali, na Ramgarhia daban, na Ravidasiya daban. Haka ne, kuma aibi ne, amma can ma ana ciyar da baƙo. Za a ce harin da aka kai wa gurdwarar Oak Creek a Amurka a 2012, inda aka kashe mutum shida, ya wajabta katanga. Ni kuwa na ce mai gadi da kyamara sun wadatar.

Jami'an tsara birane su ne suka fi ba ni haushi. Da an kawo musu takardar neman izini, sai lissafin wurin ajiye motoci da ƙorafin maƙwabta. Ƙarshenta a tura ginin unguwar masana'antu, bayan gari, tsakanin rumbunan kaya. Wanda yake da mota zai je. Tsohuwar da ba ta da kowa, da ɗalibin da kuɗinsa ya ƙare, su da aka dafa abincin dominsu, ina za su gan shi? A 2020 ƙaramar hukumar Ealing ta amince a sauya wa wani ɓangare na titin Havelock da ke Southall suna zuwa Guru Nanak, aka cire sunan janar ɗin mulkin mallaka. Madalla. Amma sauya allo ba shi da tsada.

A ƙidayar 2021 an samu Sikh sama da 520,000 a Ingila da Wales, don haka za a ci gaba da gina waɗannan gidaje. Abin da nake nema bai canza ba. A ba su fili cikin gari, kan hanyar bas. A lissafa langar cikin wuraren amfanin jama'a kamar ɗakin karatu da asibitin unguwa, a sassauta sharaɗin motoci saboda haka. Masu zane kuma su sa zauren ciyarwa a ƙasa, da ƙofarsa a bakin titi. Ɗalibanmu da ke rubuta kundi a kan wannan batu, a daina karɓar aikin wanda bai zana kicin ba.