Kamfani mai gida biyu: jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikatan Tarka

 

Duk wanda ya bi hanyar Tanut zuwa Damagaram ya ga matatar mai ta SORAZ kusa da Bakin Birji, a nan cikin Damargu. An buɗe ta ran 28 ga Nuwamba 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a yini, ɗanyen man kuwa yana zuwa ne ta bututu tun daga Agadem, jahar Diffa. Aka raba hannun jari: kashi 60 cikin ɗari na CNPC, kamfanin gwamnatin ƙasar Sin, kashi 40 na Nijar. Abin da nake son mu duba yau shi ne inda reshen kamfani irin wannan yake samo ƙarfinsa.

Gida biyu gare shi. Gidan farko shi ne inda uwarsa take. Daga can kuɗi suke zuwa, da injuna, da masana aiki, kuma daga can ake samun abin da babu ɗan kasuwar da ke zaune a nan da yake da shi, wato gwamnatin da za ta yi magana dominsa. A watan Mayu 2024, lokacin da ƙasar Benin ta hana loda man Nijar a tashar Seme saboda rikicin iyaka, sai da manzannin Sin suka je Kwatano kafin jirgin farko ya ɗauki kaya. Wane ne a cikinmu, in an tsare motarsa ta gero a kan iyaka, jakada zai taso dominsa?

Gida na biyu shi ne Yamai. Ku tuna, a 1992 Nijar ta ƙulla hulɗa da Taiwan, sai a 1996 ta koma ga Beijin. Ba don wannan komawa ba, da wuya a sa hannu kan yarjejeniyar 2008, zamanin Shugaba Tandja. Tun daga nan aka yi juyin mulki a 2010, aka sake yi a 2023, kamfanin bai kwashe kayansa ba. A Afrilu 2024, baitulmali na cikin matsi, CNPC ta ba gwamnati dala miliyan 400, a biya da kuɗin mai. Ku ƴan kasuwa kun fi ni sanin wannan: wanda ya ci bashinka tun kafin kaka, ba ya ɗaga murya ranar ciniki. Haka CFAO da Compagnie du Niger Français, reshen Unilever, suka riƙe cinikin gyaɗa zamanin Turawa, jari daga Turai, dillalai daga cikinmu.

Amma gida na biyu ba gadon uba ba ne. A Maris 2025 hukumomin Nijar suka kori manyan jami'ai uku ƴan Sin, har da na SORAZ, a kan tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Ashe zumunci da fadar shugaba bai wadatar ba, in ma'aikacin da ke cikin matatar yana jin an raina shi.

Saboda haka, ku ma'aikatan da takardu ke bi ta hannunku, ku tambaya: ƴaƴan Damargu nawa aka koya wa aikin injin? Kwangilar abinci da ta sufuri wa ake ba, tunda dabba da hatsi a nan suke, Tarka da Belbeji?