Kafa Ƙungiyar Ƙwallon Yaran Garinmu Da Amanar Fita Da Su Waje

Jawabin Kwamitin Matasa da Wasanni a babban taron shekara

 

Idan ba a manta ba, a taron bara ne aka ɗora wa kwamitinmu nauyin duba yadda za a kafa wa yaran garin nan ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai tsari, wadda za ta riƙa fita tana karawa da takwarorinta na wasu garuruwa. Mun zauna da shugabannin makarantu da malaman Islamiyya, mun ji ta bakin iyaye da direbobin tasha, mun kuma nemi shawarar tsofaffin 'yan ƙwallon garin nan waɗanda yau furfura ta cim musu. Duk bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa kafa ƙungiya bai taɓa gagarar garin nan ba. An sha kafawa. Wani mai neman kujera zai kawo riguna da hotonsa a ƙirji, a sayi kofi, a yi kiɗa, a ɗauki hoto. Ranar da aka ce ana jiran yaran a wani gari, sai a rasa kuɗin mota, a rasa babban da zai raka su, daga nan kowa ya kama gabansa, rigunan su koma na zuwa gona. Saboda haka yawancin jawabinmu a kan tafiya zai tsaya, domin a nan ne ƙungiyoyin baya suka mutu.

Kafin nan, ga abin da ya shafi gida a taƙaice. Muna ba da shawarar a fara da rukuni ɗaya tak, na 'yan ƙasa da shekara 15, yara 18. Fili kuwa na makarantar firamare ya wadatar, muddin an sami izini a rubuce daga hedimasta da Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, aka kuma roƙi masu buga bulo su matsa daga bakin raga. Atisaye zai kasance ranakun Alhamis da Juma'a bayan La'asar, lokacin da makarantun allo da na Islamiyya ke hutu, a tashi kafin kiran Magariba. Kakar wasa za ta fara bayan an kawar da amfanin gona, ta ƙare kafin saukar damina, a kuma dakata a watan azumi da makonnin jarrabawa. Yaron da malaminsa ya ce ba ya zuwa aji, to ba ya shiga mota. Mai horarwa a samo shi cikin malaman motsa jiki na makarantunmu, a yanka masa alawus na wata komai ƙanƙantarsa, domin wanda ba a biya ba a iya tuhumarsa. Sai a yi wa ƙungiyar rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ta nan ne za a san da ita a gasannin matasa irin su Kofin Ramat da ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano don tunawa da marigayi Janar Murtala Muhammed.

Akwai magana ɗaya da muke so a yanke ta yau a gaban iyayen ƙasa, wato maganar shekaru. Sanin kowa ne cewa a gasannin yara akan ga ɗan wasa da gemu ya aske da safe, an rubuta masa shekara 14. Wannan ɗabi'a ta jawo wa ƙasar nan abin kunya ba sau ɗaya ba. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasanninta na matasa har shekara 2 saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma karɓe damar ɗaukar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Tun daga 2009 FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don tantance 'yan ƙasa da 17. A 2016 wannan gwaji ya kayar da 'yan wasa 26 daga sansanin Golden Eaglets ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da mu, alhali a 2015 mu ne muka ɗauko kofin duniya a Chile. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mu a nan ba mu da na'ura, amma muna da abin da ya fi ta: mai unguwa ya san shekarar da aka yi sunan kowane yaro, rajistar makaranta tana nan, ga kuma takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sai ukun nan sun dace yaro zai sa riga. Muna faɗa tun yanzu cewa wannan zai sa a yi ta cin mu a shekarun farko, domin yaranmu za su riƙa karo da ƙarti. Kada wani ya bugo waya daga birni yana neman a canza mai horarwa a kan haka.

Yanzu sai tafiya. A Amurka, inda ƙungiyoyin yara masu yawon gasa suka yi yawa a wasanni irin su besbol da sofbol, iyayen yara ne ke ɗaukar komai, daga kuɗin shiga gasa har man mota da ɗakin otal, kuma su da kansu ke tuƙa 'ya'yansu. Shi ya sa a can ake kukan cewa ɗan talaka ba ya samun shiga. Idan muka kwaikwayi wannan tsari, yaran da suka fi kowa iya taka leda a garin nan su ne za su zauna a gida, don mun san gidajen da suka fito. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, shatar mota ta zama abin da manomi ba zai iya ba. Ashe kenan nauyin a wuyan wannan ƙungiya yake.

Kuɗi ma shi ne mai sauƙi a cikin lamarin. Duk wanda ya ɗauki ɗan wani ya hau titi da shi ya ɗauki amana. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja suna kan hanyarsu ta zuwa Owerri, 'yan wasa 5 suka ji rauni. Ran 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko tawagar Jihar Kano daga Bikin Wasanni na Ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris su iso gida, mutum sama da 20 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce mai yiwuwa gajiyar direba ce da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Waɗannan fa tawagogi ne masu gwamnati a bayansu. Ina ga motar da kwamitin gari ya ɗauko?

Don haka muna neman wannan taro ya amince da ƙa'idoji da ba mai ikon sassauta su, ko Shugaba ne. Ba tafiyar dare, ko da hakan zai sa a ba abokan karawa maki. A tashi bayan sallar Asuba, a sauka kafin Magariba. Idan an tashi wasa da yamma kuma gida da nisa, a kwana, komai ɗokin yara na kawo kofi. Mota a ɗauke ta a tasha ta hannun 'yan yuniyan, da direban da aka san gidansa, a rubuta sunan kowa a takardar fasinja, kuma yawan kujeru shi ne yawan mutane. Hanyar da aka ji ƙishin-ƙishin ba lafiya a bar ta. Kowace fita sai da manya 3: mai horarwa, da uba ɗaya daga iyayen yaran bisa karɓa-karɓa, da ma'aikacin lafiya riƙe da akwatin agajin gaggawa. Uba ko waliyyi zai sa hannu ko ya dangwala yatsa kafin kowace tafiya, a gaya masa garin da za a da gidan da za a sauka. Kuma ba a yarda wani babba ya keɓe da yaro shi kaɗai a ɗaki ba, ko wane ne shi. Wasu sun ce wannan zargi ne ga mutanen kirki. Mu a ganinmu mutumin kirki ne zai fi kowa murna da ita, tunda ta kare shi daga bakin mutane.

A shekarar farko ba ma sai an yi nisa ba. Garuruwan maƙwabta da babban birnin jiha sun isa, fita 6 kacal.

A nan ne muke juyowa gare ku, 'yan'uwanmu mazauna birane. Mun san da an buɗe asusu yau za a yi rige-rigen alkawarin riguna da takalma. Mun gode, amma riga sau ɗaya ake sayenta a shekara, mota kuwa duk fita sai an biya. Abin da muke roƙo shi ne kowane reshe ya ɗauki nauyin fita ɗaya sukutum, da mota da abinci da ruwan sha da kuɗin alƙalin wasa, ya zuba kuɗin kafin a shiga kaka. Za a ajiye su a asusun banki na daban mai sa hannun mutum 2, kuma lissafinsa da rasiɗansa za su fito a wannan mujalla baɗi. Na biyu, ku buɗe ƙofofinku. Yaro 3 a gidan wannan, 4 a gidan wancan, an huta da kuɗin masauki, uwar yaro kuma ta yi barci don ta san ɗanta yana gidan kawunsa. Muna kuma fata wanda ke aiki a jami'a ko asibiti ko gidan rediyo ya ɗauki sa'a guda ya zaga da su wurin aikinsa. Da yawa cikin yaran nan ba su taɓa wuce kasuwar ƙaramar hukuma ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da za mu gaya wa yaran da iyayensu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kowane yaro a filin nan yana ganin kansa Ahmed Musa, wanda ya tashi a Jos, ya yi suna a Kano Pillars, ya tafi Turai a 2010, ya kuma ci ƙwallo bibbiyu a gasar cin kofin duniya ta 2014 da ta 2018. Madalla da buri. Sai dai irinsa ɗaiɗai ne, kuma ba mu kafa wannan ƙungiya da alkawarin kai kowa Turai ba. Da zarar yaranmu sun fara fita, masu kiran kansu dillalan 'yan wasa za su ɓullo, su ce a sayar da gona a kawo kuɗin biza da gwaji. Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasan da bai kai 18 ba zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan togaciya da ba su shafi yaranmu ba. Duk wanda ya zo da irin wannan magana a turo shi wurin kwamiti, mu kuma mu tuntuɓi hukumar ƙwallon jiha a kansa.

Iyayenmu mata sun tambaye mu ina rabon 'yan mata. Tambaya ce mai kyau, kuma mun roƙi reshen mata ya zauna da malaman makarantar 'yan mata su kawo wa taro na gaba irin wasan da ya dace da yadda za a tsara shi.

Mai girma Shugaba, takardar ƙa'idojin tana hannun Sakatare, tare da jerin fita 6 da gurbin sunan reshen da zai ɗauki kowacce. Muna roƙon a karanta ta, a kaɗa ƙuri'a a kanta kafin a tashi cin abinci, shugabannin rassa kuma su ga Ma'aji kafin su kama hanya. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.