Ba kowane gargaɗi ne na gudu ba

Jawabin da ma'aikacin sashen agaji ya yi wa dattawan ikilisiya, zumuntar mata da matasa na yankin Gwandu da Kalgo, kafin faɗuwar damina

 

Akwai maganar da nake yawan ji idan muna zagaya ikilisiyoyi: "Ai kowace shekara haka suke faɗa a rediyo." Ban ga laifinku ba. Mai karanta labarai yakan ce "hukuma ta yi gargaɗi", ko ruwan watan Agusta ake nufi tun muna cikin Fabrairu, ko kuwa na daren yau ne. A Amurka kowace irin sanarwa da sunanta. Mu a nan kalma ɗaya ake kawo mana, sai mu rarrabe da kunnenmu. Idan kun ji sanarwa, ku tambayi abu biyu: wane gari aka ambata, kuma yaushe?

Ta farko ita ce hasashen shekara. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda aka kafa a 2003, takan faɗi tun farkon shekara lokacin da take sa ran saukar ruwa, da tsawon damina, da inda ruwa zai iya ɗaukewa bayan an yi shuka. Hukumar lura da koguna, NIHSA, ita kuma takan lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Idan ka ji sunan Kalgo a ciki, ba a ce ka kwashe iyali ba. An ba ka watanni ne. Ka ƙara ƙusa a kwano, ka yi wa katanga yaɓe, a yashe magudana, a ɗaga gindin rumbu. Mai gona a kwari kada ya zuba irinsa da kuɗin takinsa duka wuri ɗaya. In ruwan bai zo ba, me ka rasa? Rufinka dai ya gyaru.

Ta biyu takan zo da sunayen garuruwa da ranaku: daga ran kaza zuwa ran kaza ana sa ran ruwa mai yawa. Wannan ita ce "a zauna da shiri". Abin bai faru ba tukuna, amma ya kusa. A sa takardun gona, na makaranta da katin asibiti cikin leda a ɗaure. A kai hatsi da dabbobi tudu, a yi cajin waya, a sa wa rediyo da tocila batir. Ga kuma abin da aka fi mantawa: wa zai ɗauki tsohuwar da ba ta iya tafiya? Wa zai riƙe makaho? Mai tsohon ciki fa? Iyayena mata, ku kuka san kowane ɗaki a ƙauye. Ku raba wannan aiki da suna tun yanzu, domin da dare cikin ruwa kowa nasa yake nema.

Ta uku ba ta da dogon bayani: ruwa ya taho, a tashi. Ba lokacin ɗaure buhu ba ne.

Yanzu mutanen Kalgo, ku ba ni kunnenku. Ruwan da ke cin fadamarku yawancinsa ba a kanku ya sauka ba. Gulbin Rima yana biyowa ta madatsar Goronyo, ya haɗu da gulbin Sakkwato da ya fito ta madatsar Bakolori, ya gangaro Argungu da Birnin Kebbi kafin ya iso gare ku, ya wuce Bunza ya faɗa Kwara. Idan aka yi ruwa mai yawa a Zamfara da gabashin Sakkwato, madatsa ta cika, dole a buɗe ƙofofinta don kada ta fashe. Masu shekaru sun tuna 2010, lokacin da ruwan Goronyo ya mamaye ƙauyuka da gonaki a Sakkwato da Kebbi. Na 2020 kuwa ba sai na tuna muku ba, shinkafa ta kusa kai wa ga yanka ruwa ya shanye ta. Saboda haka kada wani ya ɗaga kai ya ce sama garau take, ƙarya ake yi. Wannan ruwa ta ƙasa yake zuwa.

Amma akwai alheri a ciki: tafiya yake yi, ba tashi sama ba. Abin da ya wuce Argungu bai riga ya iso ƙofarku ba. Wanda ke da ɗan'uwa a can, ya riƙe lambarsa. A kafa turke a bakin gulbi, a yi masa zane uku, matasa su riƙa dubawa safe da yamma. Dattawa su zauna da mai unguwa da sarkin ruwa tun rani a yanke magana: in ruwa ya kai zanen sama, za a tashi, ba sauran muhawara. Gardamar tsakar dare ita ce takan ci lokacin da ya kamata a ce ana tudu. Kuma kada a raina ruwa mai gudu. Wanda bai kai gwiwa ba ma yakan kayar da ƙato, balle yaro. A kwalekwale kuma, gara a yi sawu biyu da a cika shi.

Ku mutanen Gwandu da ke tudu, naku ya fi gaggawa. Hadarin farkon damina, na Mayu da Yuni, daga gabas yakan taso da iska a gabansa, mintoci kaɗan ya iso. In kun ga walƙiya ku ƙirga: kowane daƙiƙa 3 kafin a ji tsawa, nisan kilomita 1 ke nan. In ba ku kai 30 ba, a bar gona. Ku ja wa yara masu kiwo kunne kada su fake gindin itace, nan aradu ta fi faɗawa. A watan Agusta kuma, in aka kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, a duba bangon ƙasa. Wanda ya jiƙe ya tsage, kada a kwana a jikinsa.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, Allah ne mai tsaro. Na ce amin, Baba. Amma Nuhu ma da aka gargaɗe shi, ai gatari ya ɗauka.

Saƙon WhatsApp kuma a yi hattara. In babu sunan hukuma, babu kwanan wata, kada a tura gaba. Wani na bara ne yake yawo. A bincika a Gidan Rediyon Kebbi ko wurin jami'in agajin gaggawa na ƙaramar hukuma.

Roƙona ga kowace majami'a: a ware wani bugun ƙararrawa dabam da na sujada, a gwada shi ranar Lahadi kowa ya ji. A sanar da mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi abin da yake nufi, tunda gulbi ɗaya muke sha. Kafin ku tafi, kowace ikilisiya ta ba da sunan mutum biyu masu waya, namiji da mace. Magatakarda yana bakin ƙofa da littafi.