Laimar Kwaɗi a Ɗakin Likita: Shin Sinadaran Gane-gane Za Su Iya Maganin Damuwa da Fargaba?



An ba ni batu mai santsi. An ce in yi bayani kan ko sinadaran nan da ke sa mutum gane-gane, waɗanda hukumomin duniya suka jera cikin miyagun ƙwayoyi fiye da shekara 50, za su iya zama maganin ciwon damuwa da ciwon fargaba. Na san a nan akwai dattijon da tun daga jin taken ya yi a'uziyya. Akwai kuma matashin da ya kalli bidiyo a waya, ya riga ya gamsu cewa Turawa sun tono wani sirri. Ina roƙon su biyun su ara mini kunne, domin abin da zan faɗa ba zai yi wa ko ɗayansu daɗi gaba ɗaya ba.

Ciwon damuwar da likitoci ke nufi ya wuce baƙin cikin rasuwa ko na karayar jari, wanda kan lafa da kansa. Shi wannan yakan zauna makonni ko watanni: barci ya lalace, abinci ya fita rai, uwa ta dubi ɗanta ba ta ji komai ba, mutum ya ga rayuwarsa ba ta da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 280 ke fama da shi, masu ciwon fargaba kuma sun kai miliyan 300. Magungunan asibiti suna aiki, kada a raina su. Sai dai kullum ake shan su, sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma kusan ɗaya cikin uku na marasa lafiya ba sa warwarewa ko da an sauya musu magani sau da yawa. Saboda waɗannan bayin Allah ne masana suka koma kan abin da aka rufe.

Tarihin a taƙaice shi ne: a 1938 wani masanin haɗa magunguna, Albert Hofmann, ya haɗa LSD a kamfanin Sandoz da ke Basel a Suwizalan, kuma a Afrilun 1943 ya gano tasirinsa a jikinsa. A 1955 wani ma'aikacin banki daga Amurka, Gordon Wasson, ya je wani gari a tsaunukan Oaxaca na Meziko, inda wata mai magani ta ƙabilar Mazatek, María Sabina, ta ba shi wata irin laimar kwaɗi da mutanenta suka daɗe suna neman waraka da ita. Ya buga labarin a mujallar Life a 1957, baƙi suka yi wa garin tsinke, ita kuwa matar ta sha tsangwama daga 'yan garinsu. A 1958 Hofmann ya ware sinadarin da ke cikin laimar, wato silosaibin. Likitocin ƙwaƙwalwa a Kanada da Amurka da Turai sun gwada LSD a kan dubban mutane, galibi ba da irin tsauraran ƙa'idojin bincike na yau ba. Da abin ya fita titi ya zama kayan holewar matasa, Amurka ta haramta shi, ta sa shi a jerin mafi tsanani na dokarta ta 1970, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta bi baya. Bincike ya kwanta wajen shekara 30.

Wanda ya fi taimakawa wajen tada shi shi ne Roland Griffiths na Jami'ar Johns Hopkins, da rahotonsa na 2006. Bayan shekara goma, a Disambar 2016, rahotanni biyu suka fito tare, ɗaya daga Johns Hopkins mai mutum 51, ɗaya daga Jami'ar New York mai mutum 29. Dukkansu masu ciwon daji ne da tsoron mutuwa ya hana sakat. An ba su silosaibin, kuma bayan wata shida mafi yawansu, har kusan kashi 80 cikin ɗari a Johns Hopkins, suna nan da sauƙin damuwa da fargaba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya samu natsuwar yin sallama da iyalinsa.

Yanzu ku biyo ni mu shiga ɗakin da ake yin wannan aiki, domin a nan ne bidiyon waya ke yaudarar mutane. Kafin ranar, an tantance mara lafiya, an auna zuciyarsa da hawan jininsa, an binciki tarihin danginsa. Ya zauna sau da yawa da masu kula da shi har ya saba da su. Ranar shan maganin ana ba shi awo sananne, yawanci miligiram 25 na sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji, ba laimar da aka tsinko a jeji ba. Ya kwanta a kan doguwar kujera, an rufe masa ido, an sa masa sauti mai taushi a kunne, mutum biyu ƙwararru na zaune kusa da shi awa shida zuwa takwas, likita kuma na nan kusa. Wasu su yi kuka, wasu su firgita su ji kamar mutuwa ce ta zo, wasu su ga iyayensu da suka rasu. Washegari da makonnin da ke biye a dawo a zauna a warware abin da ya gani. Mafi yawan alƙaluman da zan karanta muku na wannan tsari ne dungurungum. A waɗannan gwaje-gwaje babu wanda ya miƙa wa mutum ƙwaya ya ce je ka gida.

A cikin ƙwaƙwalwa, sinadarin yana kama wata mahaɗa ta sirotonin da masana ke kira 5-HT2A. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a sa'o'in da yake aiki, sassan da ba su saba magana da juna ba sukan haɗu, waɗanda kuma suka saba juya tunanin mutum a kan kansa sukan sassauta. Mai ciwon damuwa tunaninsa kamar hanyar amalanke ne da damina: ƙafar ta zurfafa, ko ya so kaucewa sai ta mayar da shi ramin jiya. Hasashen masu binciken shi ne maganin yana tausasa ƙasar na ɗan lokaci, masu kula da shi su taya shi fitar da sabuwar hanya. Hasashe ne mai ma'ana, amma hasashe ne.

Da aka tsaurara gwaji, sai sakamako ya rage armashi. A 2021 Robin Carhart-Harris da abokan aikinsa na Kwalejin Imperial da ke Landan suka kara silosaibin da esitalofram, maganin damuwa na yau da kullum, a kan mutum 59 na mako shida. A babban ma'aunin da suka ɗaura tun farko, ba a samu bambancin da za a dogara da shi ba, ko da yake wasu ƙananan ma'aunai sun karkata ga silosaibin. A 2022 aka buga gwajin kamfanin COMPASS Pathways mai mutum 233, duka waɗanda wasu magunguna suka kasa. Bayan mako uku, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda suka sha miligiram 25 sun warware, a gefen masu miligiram 1 kuwa kashi 8. Wannan tazara ce ta gaske. To amma zuwa mako na 12, ɗaya cikin biyar ne kawai sauƙinsa ya ɗore. Mutum uku daga cikin masu babban awon, waɗanda maganin bai yi musu aiki ba, sun nuna halin neman kashe kai. Ku yi tunanin wanda aka ce masa wannan ne makomarsa ta ƙarshe, ya sha, bai ga canji ba. A ɓangaren fargaba ma akwai gwajin LSD mai mutum 198 a Amurka da ya nuna sauƙi har zuwa mako 12 bayan sha ɗaya.

Ɗalibai, ga inda nake so ku buɗe littafi. Gwajin magani na gaskiya yana buƙatar mara lafiya da likita duk su jahilci wa aka ba magani, wa aka ba ƙwayar wofi, domin sa rai shi kaɗai yakan rage damuwa. To ta yaya za ka ɓoye wa mutum cewa ya sha abin da ya sa bango ke numfashi a gabansa? Cikin awa guda ya gane. Wanda ya gane an ba shi na gaske, ga shi dama ya karanta yabon abin a jarida, sai ya cika da fata. Wanda ya kwanta awa shida bai ga komai ba, ya san an bar shi a baya, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Tazarar da ke tsakaninsu a takarda, nawa ne aikin sinadari, nawa ne aikin fata da yanke ƙauna? Wannan tambaya ce ta taimaka wajen kayar da MDMA, wani sinadari na kusa, a Amurka. A Yunin 2024 kwamitin masu ba hukumar magunguna ta FDA shawara ya ƙi gamsuwa da hujjojin amfani da shi ga masu ciwon firgicin bayan bala'i, a Agusta kuma hukumar ta ƙi amincewa, ta ce a sake gwaji. Cikin abin da aka tayar har da zargin wani mai kula ya ci amanar wata mara lafiya. Mutumin da hankalinsa ke wani wuri, a ɗaki a rufe, amana ce mai nauyi.

Masu shan ɗan mitsitsi kullum don wartsakewa ma an gwada da'awarsu. Binciken Kwalejin Imperial na 2021 mai mutum 191 ya samu cewa waɗanda suka sha wofi ba da saninsu ba sun ba da rahoton sauƙi kusan daidai da masu shan na gaske.

Sannan a lura da waɗanda aka hana shiga gwaje-gwajen. Duk mai tarihin taɓin hankali, ko a kansa ko a danginsa na kusa, da mai ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, da mai ciwon zuciya, yawanci an tsame su. Silosaibin ba ya kama mutum kamar kodin ko taramol, wannan gaskiya ne. Amma yana iya tayar da haukan da ke kwance, yana ɗaga hawan jini, mai firgita kuma yana iya jefa kansa cikin halaka. Saiwar iboga da mabiya al'adar Bwiti ke amfani da ita a Gabon da kudancin Kamaru, wadda wasu ke tallatawa don raba mutum da ƙwaya, an san tana rikita bugun zuciya, ta kuma kashe mutane.

Ƙasashe ƙalilan ne suka buɗe ƙofa, su ma kaɗan. Tun 1 ga Yulin 2023 Ostireliya ta yarda wasu likitocin ƙwaƙwalwa masu izini na musamman su ba da silosaibin ga damuwar da ta gagari magani. Jihar Oregon a Amurka ta amince da cibiyoyi masu lasisi ta ƙuri'ar 2020. A wuraren biyu kuɗin ya kai dubban daloli, domin lokacin ƙwararru ake saye, ba ƙwaya ba.

Me ya shafe mu? Abu na farko, kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya wanke zaƙami. Zaƙami ba dangin waɗannan ba ne. Ta wata hanya dabam yake bi a jiki, yana busar da baki, ya ruɗa mutum har ya manta sunansa, ya kan kuma kashe. Laimar kwaɗin jeji ma akwai masu dafin da ke lalata hanta, kuma ido ba ya bambance su. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ne aka hana maganin tari mai kodin. Al'ummar da ke cikin wannan hali, kalma ɗaya ta sakaci daga bakin mai ilimi takan zama lasisi a bakin kasuwa.

Na biyu, maganar addini, wadda na ga alamar tana bakin wasu. Gusar da hankali da gangan haramun ne, ba mai ja. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da tattauna gusar da shi bisa larura, kamar allurar barci a ɗakin tiyata. Ko wannan ya shiga wancan babi, fatawa ce da malamai za su bayar bayan sun zauna da likitoci, kuma a ganina lokacinta bai yi ba, tunda su likitocin ba su gama tabbatar da amfanin ba.

Hukuncina shi ne: ruwa ba ya tsami banza, akwai wani abu a cikin waɗannan sinadarai, musamman ga wanda magani ya gagara da wanda ke jiran ajali cikin firgici. Ya cancanci a ci gaba da bincike, kuma jami'o'inmu su riƙa bibiya. Amma bai kai matsayin magani tabbatacce ba, kuma a wajen asibiti ganganci ne.

Tsarin da ke neman ƙwararru biyu su wuni a kan mutum ɗaya ba shi ne buƙatarmu ta gaggawa ba, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Amitiriftilin da fulokzetin suna da araha, sun daɗe a cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma mai jego a ƙauye ba ta samun mai tambayar ta yadda zuciyarta take, balle ya rubuta mata. Ina kira ga jami'an lafiya da ke nan su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci gane wannan ciwo. Ku kuma iyaye, in kun ga ɗanku ya daina ci, ya daina magana, ya ƙaurace wa mutane makonni, ku yi masa addu'a, ku kuma kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko na Barnawa, ko na Kware, ko na Maiduguri, tun kafin abokansa su ba shi nasu maganin.