Jawabi Ga Ɗaliban Ajin Ƙarshe Masu Neman Shiga Makarantar Hafsoshi



Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, tun 1985 take ba da digiri. Saboda haka duk wanda aka ɗauka, karatun jami'a zai yi, ban da faretin da zai sha. Ƙarfin ƙirji kaɗai ba ya kai yaro can.

Abin da ake bukata shi ne kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi. Sauran ukun kuwa lalle su dace da fannin da aka nema. Mai son aikin injiniya ba makawa ya riƙe Fiziks da Kemistiri. Amma sau da yawa yaro kan yar da Fiziks don tsoron faɗuwa, ya ɗauki darasi mai sauƙi, sa'an nan ya zo yana neman injiniya. Ya rufe wa kansa ƙofa ke nan, kome yawan makinsa.

Haka kuma darussa huɗu na jarrabawar JAMB su bi wannan fannin. Ku zauna da malamanku tun kafin rajista, domin in an rufe ta gyara yana da wuya.